Kafin Ka Haye Gadar Jebba: Littattafan da Mai Zuwa Jihar Oyo Ya Kamata Ya Karanta

 

  

An nemi in yi magana a kan abin da ya kamata mai shirin tafiya kudancin ƙasar nan ya karanta kafin ya tashi. Kudu faɗi gare ta, jihohi 17 ne, kuma wanda ya ce zai tattaro su a zama ɗaya ba zai ƙosar da kowa ba. Saboda haka na ɗauki guda ɗaya, Jihar Oyo, wadda aka kafa a 1976, mai hedikwata a Ibadan, garin da iyayenmu fatake suke ce wa Badun. Na zaɓe ta ne domin da wuya a sami unguwa a garuruwanmu da ba ta da wani a can: ɗan kasuwar goro, ko mai dakon shanu da tumatir da albasa, ko direban babbar mota, ko ɗalibi, ko yaron da aka tura yi wa ƙasa hidima. Muna zuwa sosai. Sai dai yawancinmu daga tashar Ojoo sai Sabo, daga Sabo sai kasuwar Bodija, sai kuma mu kamo hanyar gida. Kamar baƙon da ya shekara a zaure ne, ya san ƙofar gidan sarai amma bai taɓa ganin tsakar gida ba. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, mutanen nan sun rubuta tarihinsu, kuma muna ciki. Muna ciki a matsayin fatake, muna ciki a matsayin bayi, muna ciki a matsayin mayaƙa. Sun san wannan, suna koya wa 'ya'yansu. Mu ne ba mu karanta ba.

Littafin farko, wanda in mutum ɗaya kaɗai zai iya karantawa to shi ne, sunansa The History of the Yorubas, wato Tarihin Yarbawa, na Samuel Johnson. Kada sunan ya ruɗe ku, ba Bature ba ne. Bayarabe ne mai tushe a gidan sarautar Oyo, an haife shi a Saliyo a 1846 cikin 'ya'yan bayin da aka 'yanto, ya taso a Ibadan, ya zama fasto a garin Oyo. Ya gama rubutun a 1897, aka aika da shi Ingila don a buga, takardun suka ɓace a can. Shi kuma ya rasu a 1901 bai ga littafinsa ba. Ƙanensa, likita Obadiah Johnson, shi ya zauna da guntattakin takardun da yayan ya bari ya sake harhaɗa aikin, shi ma ya rasu a 1920, littafin ya fito a 1921. 'Yan'uwa biyu suka ƙarar da ƙarfinsu a kansa, babu wanda ya riƙe shi a hannu.

Abin da ya ba littafin nauyi shi ne inda Johnson ya samo labaransa. Ya zauna da mawaƙan fadar Alafin, waɗanda aikinsu na gado shi ne haddace jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Ya zauna da tsofaffin mayaƙa da suka ga rushewar daular da idonsu. Kashin ƙarshe kuwa shi kansa shaida ne, domin yana cikin 'yan saƙon da suka riƙa kai da komo tsakanin sansanonin yaƙin Kiriji har aka yi sulhun 1886. A ciki za ka ga yadda fadar Oyo take aiki: Alafin yana bisa gadon sarauta, amma akwai majalisar manyan gari bakwai, Oyo Mesi, ƙarƙashin Bashorun, waɗanda in suka juya wa sarki baya to dole ya kashe kansa. Za ka karanta labarin Bashorun Gaha, wanda ya riƙa naɗa sarakuna yana kawar da su tun daga 1754 har sai da Alafin Abiodun ya ga bayansa a 1774. Bahaushen da ya san labarin masu zaɓen sarki a ƙasarmu zai sami abin kwatantawa a kowane shafi. Har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana ciki, domin Johnson ya kawo bayanin da Bello ya yi game da asalin Yarbawa, ya auna shi da abin da mawaƙan fada suke faɗa.

Amma bari in gaya muku tun yanzu, akwai wuraren da littafin zai sosa muku rai. Johnson Kirista ne, kuma mai kishin Oyo, saboda haka in ya zo kan Ilori da Fulani da jama'ar Shehu Alimi, alƙalaminsa ba ya sassauci. Ni shawarata ita ce kada ka rufe littafin a nan, nan ne ma ya fi cancanta ka natsu. Ƙarfin Oyo a kan dawaki yake, dawakin nan kuwa daga arewa ake sayo su, masu kiwonsu ma bayi ne 'yan arewa. Johnson ya ambaci bayi Hausawa da suke aikin wanzanci da tufkar igiya da kiwon shanu a gidajen manyan Oyo. A wajen 1817, Afonja, babban kwamandan yaƙin daular da ke zaune a Ilori, wanda ya riga ya yi wa Alafin tawaye, ya haɗa kai da Shehu Alimi, aka yi shela cewa duk bawan da ya gudo zai sami 'yanci. Bayin nan suka watsar da iyayengijinsu suka kwarara Ilori. Bayan 'yan shekaru rundunar da Afonja ya tara ta fi ƙarfinsa, aka kashe shi, Abdussalami ɗan Alimi ya zama sarki a ƙarƙashin tutar Gwandu. Kafin 1840 babban birnin Oyo ya zama kufai.

Mu a makaranta an koya mana wannan a matsayin yaɗuwar tutar jihadi zuwa kudu. Su kuwa a wajensu shi ne shekarun da aka ƙone garuruwa, aka raba uwa da ɗa, aka yi gudun hijira zuwa daji. Idan ka ji ɗan siyasar ƙasar Yarbawa ya ambaci sunan Afonja a rediyo, ko ka ga maƙwabcinka a Ibadan ya canza fuska da an tabo zancen filin kiwo, wannan babin ne yake magana a bakinsa. Wanda bai karanta ba sai ya ɗauka ƙiyayya ce kawai marar tushe, ya mayar da martani da zafi. Wanda ya karanta ya san inda tabon yake, ko da bai yarda da duk hukuncin Johnson ba. Ni ma ban yarda da shi duka ba, domin bawan da ya gudu Ilori yana da nasa uzurin, kuma Johnson bai tsaya ya saurare shi ba.

To, akwai inda za ka saurare shi. A 1967 Philip Curtin ya tattara labaran wasu 'yan Afirka ta Yamma da suka faɗi tarihin rayuwarsu da bakinsu a zamanin cinikin bayi, ya sa wa littafin suna Africa Remembered. Mutum biyu nake so ku karanta a ciki, ɗaya bayan ɗaya, a zama guda. Na farko Ali Eisami, ɗan malami daga ƙasar Gazir ta Barno. An kama shi a hargitsin jihadi, aka bi da shi ta Kano da Katsina da Yawuri, hannu zuwa hannu, har ya faɗa gidan wani mutum a Oyo. Da aka yi shelar nan ta 1817, ubangidansa ya ji tsoron kada ya gudu, sai ya kai shi bakin teku ya sayar. Jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ya ɗauko su, aka sauke su a Saliyo a 1818, a can ya tsufa, a can kuma ya koya wa wani Bajamushe mai suna Koelle Barbarci. Na biyu yaro ne ɗan garin Osogun, a yankin Iseyin na Jihar Oyo ta yau. A 1821 mahara suka faɗa wa garinsu da safe, kuma shi da kansa ya ce Musulmin Yarbawa ne da Fulani da bayin da suka gudo. Aka ɗaure shi da uwarsa da ƙannensa, aka raba su a hanya. Shi ma jirgin Ingila ya cece shi zuwa Saliyo. Yaron nan shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, ya jagoranci fassara Baibul zuwa Yarbanci. Ɗan arewa da aka bautar a Oyo, da ɗan Oyo da Musulmi suka bautar, shekara huɗu tsakaninsu, suka ƙare a gari ɗaya. Shafukan ba su da yawa, amma ban san wani karatu da ya fi su kashe wa mutum girman kai a kan wannan zance ba, ko daga wane ɓangare yake.

Wanda yake son ganin tsohon birnin Oyo kafin ya rushe, sai ya bi Hugh Clapperton, Baturen nan da ya rasu a Sakkwato a 1827. A tafiyarsa ta biyu ya taso daga Badagiri a ƙarshen 1825, ya isa birnin Oyo a Janairun 1826, ya yi makonni a can. A littafinsa, wanda aka buga a 1829, Katunga yake kiran birnin, sunan da Hausawa suka san shi da shi, kuma ba abin mamaki ba ne tunda tafintansa Bagobiri ne, Abubakar, wanda Turawa suke ce wa Pasko. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar da kusan mil 15, da ƙofofi goma. Ya ga ƙauyukan da aka ƙone a hanya, ya ji Alafin yana kukan bayin da suka yi tawaye suka kama Ilori, sannan da ya wuce Kayama ya tarar da ayarin fataken Hausa sun dawo daga Gwanja da goro. Akwai sabon bugu na 2005 da Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka gyara da sharhi, shi ya fi amfani. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sake biyowa ta birnin a 1830, suka same shi ya ƙara lalacewa. Ga ɗalibin tarihi mai son a tace masa duk waɗannan da ma'aunin bincike, akwai The Oyo Empire na Robin Law, 1977, da kuma The Yoruba: A New History na Akinwumi Ogundiran, 2020, wanda ya haɗa tonon ƙasa da labarin baka. Kufan birnin yana nan cikin gandun dajin gwamnati da ake kira Old Oyo National Park, da ragowar ganuwarsa, kuma a Igboho akwai kaburburan Alafin huɗu da suka yi mulki a gudun hijira bayan Nufawa sun ci birnin a ƙarni na 16. Mai son zuwa can ya fara tambayar lafiyar hanya wajen mutanen yankin.

Ku lura da wani abu in kun bi ta Mokwa. Da ka haye kogin Kwara a Jebba, ka wuce Ilori, ka shiga Ogbomosho, ka sauka Oyo, ka gangara Ibadan, sawun 'yan gudun hijirar nan kake bi. Ogbomosho ta cika ne da mutanen garuruwan da suka watse. Garin Oyo na yau ba shi ne na asali ba, Alafin Atiba ne ya kafa fada a wurin a wajen 1837. Ibadan kuwa sansanin mayaƙa ce da suka taru a kan duwatsu a wajen 1829, kowa da inda ya fito. Shi ya sa sarautarta ta bambanta da ta sauran garuruwan Yarbawa. Ba gadon gida ɗaya ba ce. Layi biyu ne, na farar hula da na mayaƙa, mutum yana hawa mataki-mataki har ya kai Olubadan, abin da ya sa galibi sai dattijo ne yake kaiwa. Waɗannan mayaƙan ne suka tare rundunar Ilori a Oshogbo a wajen 1840, suka afka mata cikin dare lokacin da doki ba ya amfani, kuma daga ranar tutar Ilori ba ta ƙara nisa kudu ba.

A kan Ibadan kanta littattafai sun yi yawa, zan taƙaita. Toyin Falola, ɗan garin, yana da babban kundi, Ibadan: Foundation, Growth and Change, wanda ya ɗauko daga 1830 zuwa 1960. Na tebur ne, ba na jaka ba. The City of Ibadan na 1967, wanda Lloyd da Mabogunje da Bolanle Awe suka shirya, ya fi sauƙin ɗauka, kuma yana bayyana yadda unguwanni suka tsiru. Wanda ya iya Yarbanci ya nemi Iwe Itan Ibadan na Akinyele, marubucin da daga baya ya zama Olubadan a 1955. Amma wanda na fi so in miƙa wa 'yan'uwana mata shi ne Seventeen Years in the Yoruba Country, wasiƙu da rubutun yau da kullum na Anna Hinderer, matar ɗan mishan da ta zauna a unguwar Kudeti daga 1853. Ra'ayinta na 'yar mishan ne, wannan a fili yake. Sai dai ta ga abin da mazan marubuta ba su kula da shi ba: yara, da kasuwa, da girki, da ƙarfin manyan mata 'yan kasuwa, da irin yunwar da suka sha lokacin yaƙin Ijaye na 1860 zuwa 1862 da aka toshe hanyoyi.

In ka karanta waɗannan, ka ware wuni guda ka hau dutsen Mapo, inda zauren taron da aka gina a 1929 yake da manyan ginshiƙansa. Ka tsaya a kan matakala ka duba. Rufin kwano ne mai tsatsa, ja-ja-ja, ya bi tudu ya bi kwari iyakar ganinka, hasumiyoyin masallatai suna leƙowa ta tsakani, can gefe kuma dogon benen Cocoa House da aka gina a 1965 da kuɗin koko. Ƙasa da kai kasuwar Oja'ba ce da babban masallacin gari. Kowane curin rufi da ka gani gidan zuriya ɗaya ne, galibi na wani jarumi da ya zo da mutanensa ya kafa bukka shekara kusan ɗari biyu da suka wuce, kuma har yau shugaban gidan, Mogaji, daga nan yake fara hawa matakan sarauta. Wanda bai karanta ba cunkoso kawai zai gani.

Hasumiyoyin nan sun kawo ni ga abin da ya fi ba 'yan'uwanmu mamaki. Garin da ya tare Ilori da yaƙi, shi ne kuma ya cika da Musulmi ta hanyar malamai da 'yan kasuwa. Are Latosa, wanda ya jagoranci Ibadan a yaƙin Kiriji har ya rasu a 1885, Musulmi ne. T. G. O. Gbadamosi ya bi diddigin wannan a littafinsa The Growth of Islam among the Yoruba na 1978. Ga malamanmu da almajiran da Larabci ya fi musu sauƙi kuwa, Shehu Adamu Abdullahi al-Iluri, mai makarantar Markaz ta Agege, wanda ya rasu a 1992, ya rubuta Nasimus Saba a kan labarin Musulunci da malaman ƙasar Yarbawa. Ina roƙon malamai su nemi wannan littafi. Akwai raini da wasunmu suke yi wa Musuluncin Bayarabe, har wani ya ƙi bin sa salla, alhali bai san sunan malami ɗaya daga cikin malamansu ba. Za ka kuma tarar da gida ɗaya, uba Alhaji, uwa mai zuwa coci, kawu mai riƙe da dodon gidan, suna cin abinci tare. Ba sai ka yarda da tsarin ba, amma ya kamata ka san haka suke zaune kafin ka buɗe baki. Kuma lokacin bikin dodanni da damina, akwai wanda ake kira Oloolu da al'adarsu ta hana mata gani. In an ce yau zai fito ta unguwa kaza, 'yar'uwa ki sauya hanya.

Yanzu sai littafin da yake magana a kanmu kai tsaye. Abner Cohen, masanin zamantakewa haifaffen Bagadaza, ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 zuwa 1963, ya fitar da Custom and Politics in Urban Africa a 1969. An kafa Sabo a 1916, kusa da Mokola, bayan Hausawa sun daɗe a warwatse cikin gidajen Yarbawa. Tambayar Cohen ita ce, yaya 'yan tsirarun baƙi suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu, babu banki, babu takardar yarjejeniya, babu kotu? Ya ce ku dubi kayan. Saniya in ta shigo kurmi tsando zai kashe ta, dole a sayar da ita da wuri. Goro kuma in ba a iya ɗaurin huhu da ganye da yayyafi ba, kafin ya kai Kano ya lalace. Kaya masu gaggawa irin waɗannan sai da amana. Saboda haka komai ya rataya a wuyan mai gida. Shi zai sauki falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalinsa. Dillali ya sayar wa mahaucin Bayarabe bashi, domin ya san wane ne mai biya, wane ne mai taurin bashi. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai cika daga aljihunsa, in ba haka ba labari ya kai arewa, baƙi su daina sauka gidansa. Wanda ya taɓa zama a kara ko 'yan goro zai karanta wannan yana gyaɗa kai, domin la'ada da lamuni da sunan kirki har gobe su ne jarin.

Inda nake jayayya da shi shi ne batun ɗariƙa. Ya ba da labarin yadda a farkon shekarun 1950 kusan duk mutanen Sabo suka shiga Tijjaniyya, suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsayar da Juma'arsu. A fassararsa, da mulkin Turawa ya fara janyewa, aka daina kare musu keɓantacciyar unguwarsu, sai suka sami wata hanyar haɗa kai don kare kasuwarsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ya mayar da zikiri da wazifa tamkar dabarar ciniki, bai bar wa imani wuri ba, bai kuma ba zuwan faila ta Shehu Ibrahim Inyass nauyin da mutanen da kansu za su ba ta ba. Babinsa a kan aure da zawarci da zaman kai na mata ma zai yi wa wasu nauyi. Duk da haka ku karanta. Fiye da shekara hamsin ke nan ɗaliban jami'o'in duniya suna sanin Bahaushe ta wannan littafi, mu da aka rubuta a kanmu ba mu ce komai ba. Jikokin masu gidajen da ya zauna da su suna nan a Sabo, wasunsu sun yi digiri. A cikinsu nake fatan wani ya rubuta abin da ya biyo baya: yadda babbar mota ta karɓe aikin jirgin ƙasa, yadda kara ta koma Akinyele, da abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, inda saɓanin mutum biyu ya zama ƙone-ƙone da asarar rayuka tsakanin mutanen da suka shekara da shekaru suna ciniki tare.

A haɗa Cohen da littafin Rasheed Olaniyi, Diaspora is Not Like Home, tarihin Yarbawan Kano daga 1912 zuwa 1999. Kamar yadda muke da Sabo a can, haka suke da Ayagi da Sabon Gari a Kano, kuma irin fargabar da ɗan Sabo yake kwana da ita ran da gari ya rikice, ita ce ta Bayaraben Kano.

Ɗalibai, ku akwai bashin da Ibadan take binku. Jami'ar da aka buɗe a can a 1948 ita ce ta farko a ƙasar nan, kuma a sashenta na tarihi, zamanin Kenneth Dike, aka fara ɗaukar rubuce-rubucen Larabci na malamanmu a matsayin hujjar tarihi. Abdullahi Smith a can ya koyar kafin ya komo Zariya. Murray Last a can ya yi digirinsa na uku, wanda ya zama littafin The Sokoto Caliphate na 1967. Adeleye, Bayarabe, shi ya rubuta Power and Diplomacy in Northern Nigeria. Har yau akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami a ɗakin karatun jami'ar, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a cikin harabarta. In hidimar ƙasa ta kai ka Oyo, ka yi shekara ba ka leƙa wuraren nan ba, ka yi asara.

Siyasar zamani zan ratsa ta da sauri. The Price of Liberty na Post da Jenkins tarihin Adegoke Adelabu ne, ɗan siyasar talakawan Ibadan da ya rasu a haɗarin mota a 1958. Wole Soyinka yana da Ibadan: The Penkelemes Years na 1994, labarin ƙuruciyarsa har zuwa rikicin zaɓen 1965. Turancinsa da tauri, kuma ɗan adawa ne mai zafi, amma zai nuna maka yadda wutar Jihar Yamma ta ruru. Wannan ma tarihinmu ne: Akintola, ɗan Ogbomosho, abokin ƙawancen Sardauna ne, dare ɗaya aka kashe su, 15 ga Janairun 1966, ɗaya a Ibadan ɗaya a Kaduna. A Ibadan ɗin kuma aka kama Ironsi da Fajuyi ranar 29 ga Yulin shekarar. Mai son karatu marar nauyi na cikin mota, akwai Looking for Transwonderland na Noo Saro-Wiwa, 2012, wanda ya samo sunansa daga wani wurin wasan yara a Ibadan. Idon wadda ta tashi a Ingila ne, a karanta shi a haka.

Saura inda za a same su. Na Johnson da na Clapperton da na Anna Hinderer sun tsufa har sun zama na kowa, ana sauke su kyauta a intanet, su zauna a wayarka. Na Cohen da na Law da na Gbadamosi sai ɗakunan karatun jami'o'inmu, ko masu sayar da tsofaffin littattafai. In ka isa Ibadan kuwa ka faɗa gidan littafi, domin manyan kamfanonin ɗab'i na ƙasar nan a unguwar Jericho suke, ga kuma kantin littattafan jami'a. Na Shehu Adamu a tambayi masu sayar da littattafan Larabci a Ilori ko Agege. Littafin Johnson ya haura shafi 600, saboda haka wanda lokaci ya ƙure masa ya fara daga mulkin Abiodun ya karanta zuwa yaƙin Oshogbo, sauran ya biyo baya in ya sauka.

A nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi, musamman daga iyayenmu da suka zauna a Sabo, waɗanda suka san abin da ba ya cikin littafi.